Ranar da Amarya Ta Taka Birki

Ranar da za a kai 'yata gidan miji, na hana motata tashi. Mata sun riga sun hau baya da kwanuka da tabarmi. Na ce su sauka, suka sauka.

A Dabai aka yi wannan, bayan girbin dawa, a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Zuru. Motar tsohuwar a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu. Na saye ta bayan na bar soja, a wurin wani da shi ma a hannu ya saye ta. Ban san mutum nawa suka ci ƙarfinta kafin ni ba. Fentinta ya koɗe, gilashin gefen fasinja ba ya hawa. Amma idan ka ja ƙaramin liban nan da ke sa ƙafafun gaba su kama, babu dutse ko laka tsakanin Zuru da Sakaba da zai tsayar da ita.

A soja na taɓa zama a bayan wata babbar mota da birki ya ƙi mata a gangara. Mu da yawa muka hau. Kaɗan muka tashi. Tun ranar ƙafata ta dama ta fi ta hagu gajarta. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan. Shi ya sa ba na murɗa makulli sai na gama duba mota, ko wa ke jira.

Da ƙasa nake farawa. In duba inda ta kwana, ko ta ɗiga wani abu. Sai in kama kowace taya da hannu biyu in girgiza, in bi notocin da sifana. Daga nan in kwanta a ƙarƙashi da ƙaramar guduma, in bi ƙarfen da ke ɗauke da jikinta ina ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara. Wanda tsatsa ta ci daga ciki yana amsawa kamar fasasshiyar ƙwarya, ko da an shafa masa sabon fenti. In girgiza farfela, in duba ko sifirin ya tsage. Na ƙarshe in buɗe bonet, in ga ruwan lagireto da man inji, in tsoma yatsa cikin man birki in murza.

'Yata ta girma tana ganin wannan. Aikin birki mutum biyu ne ke yi: ɗaya a ƙarƙashi yana kwance ɗan noti don iska ta fita, ɗaya a kujera yana taka birki, ya riƙe, ba zai saki ba sai an ce ya saki. Tun ƙafarta ba ta kai ba sai ta zame gaban kujera, ita ke taka mini. Wata rana tana kan wannan aiki ta ce, "Baba, ranar da za a kai ni, kai za ka tuƙa ni a wannan motar." Na ce to. Ban cika yin alkawari ba, don haka ina tuna waɗanda na yi.

Saurayin nata daga wani ƙauye yake ta wajen Sakaba. Ya yi mini golmo, wato noman da saurayi ke yi wa uban yarinya damina bayan damina kafin a ba shi ita. Ban taɓa ganin ya zauna a inuwa wasu suna huɗa ba. Ya iya tuƙi kuma. Makon biki na ba shi aron motar ya kwaso wa babansa dawa da itace. Jajibiri da yamma ya dawo da ita, gida cike da baƙi, ban leƙa ta ba.

Da safe da ƙafa muka je coci, don kusa ne. Sai da muka dawo aka ci abinci na cire babbar riga na nufi mota. Mata ba su jira ni ba, suka fara hawa suna waƙa.

Ina kwance a ƙarƙashi na ga cikin tayar baya ta hagu da danshi, wani abu ya gangaro ya bushe fari-fari. Man birki ba ya bushewa haka. Na fito na buɗe bonet. Robar man a cike take har baki. Na tsoma yatsa na murza. Ya yi kumfa.

Na sunsuna. Garin sabulun wanki ne da ruwa.

Na aika aka kira ango. Ya zo cikin sabon kwat, babansa yana biye da shi.

Na nuna masa yatsana. "Kai ka zuba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba. A hanya man ya ragu, birki ya yi laushi. Direbobin tasha suka ce ruwan sabulu yana yi. Kuma ya kama, wallahi, har nan na zo da shi."

"Ya kama a shimfiɗaɗɗiyar hanya," na ce. "Motar nan ba za ta tashi ba. Mata su sauka."

Babansa ya matso. Manomi ne, dattijo, mutumin kirki, amma yana da mutane can gida da suka dafa abinci tun asuba suna jiran amarya.

"Haba, Soja! A kan ɗan kumfa? Motocin kasuwa duka da me suke yawo? Kowa haka yake yi."

"Baban ango, akwai dogon gangaren nan kafin rafi. Ƙarfe zai yi zafi, ruwan ya tafasa, in taka in ji babu komai."

"Yaron nan ya bi gangaren jiya!"

"Jiya shi kaɗai ne. Yau mata ne cike da 'yata."

Ya ce yaron ya ba ni ƙarfinsa na shekaru, yau kuma zan kunyata shi gaban dangi. Ya ce in ba na son bayar da yarinya in faɗa a fili. Matata ta ja ni gefe.

"Maigida, a nemi babura a kai ta mana. Kada a ɓata zumunci a kan ƙarfe."

"Na ce mata ni zan kai ta."

"To ka kai ta."

"Ba da wannan birkin ba."

Ta dube ni, ta ga ba zan motsa ba, ta koma wurin mata.

Cikin baƙina akwai mai shagon kayan mota na cikin Zuru, mutumin kudu maso gabas ne da ya daɗe a garinmu. A wurinsa nake sayen komai na motar. Yana zaune da kwanon shinkafa a cinya na je na tsaya a kansa.

"Oga, ina son robobin birki na ƙafa huɗu da mai na gwangwani, wanda ba a fasa ba."

"Yau? Oga Soja, kai ko ranar tashin duniya sai ka ce a duba taya tukuna! Ban ci nama ba fa."

"Zan sa a ajiye maka."

"Ƙarya ne, mutanenka ba sa barin nama." Ya tura tsokar a baki, ya goge hannu, ya hau babur ɗinsa. Da ya dawo ya miƙa mini leda ya ce, "Gudummawata ke nan. Kada matarka ta zo neman wata."

Na ce wa ango ya cire kwat. Ya cire. Muka sa weji, muka ɗaga da jak, na tura gungumen itace a ƙarƙashi, don ba na kwanciya ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita. Robar birkin tayar baya ta tsage, ta nan man farko ya zube. Muka zubar da ruwan sabulun duka, na goge tsatsar da ta fara kamawa, na canja robobi, na zuba sabon mai. Waƙa ta tsaya. Wasu mazan dangin ango suka hau babura suka tafi, babansa a cikinsu. Bai yi mini sallama ba.

Saura fitar da iska. Na sa ango a kujera na kwanta.

"Taka. Riƙe!"

Na kwance noti, kafin in ɗaure ya saki. Iska ta koma ciki. Muka sake. Mutane sun kewaye mota, kowa na ba shi shawara, shi kuma hankalinsa yana kan babansa da ya tafi cikin fushi. Ya ƙara saki. Na ɗaga murya, abin da ban cika yi ba.

Daga inda nake kwance ƙafafun mutane kawai nake gani. Sai na ga suna buɗa hanya, ga wasu ƙafafu da lalle cikin sabon takalmi. Amarya ba ta fitowa daga ɗaki sai an fito da ita a lulluɓe. Tsofaffin mata suka bi ta suna faɗa.

"Ke! Koma ciki! Ina aka taɓa yin haka?"

"Inna, ku bar ni. In ba haka ba a nan za mu kwana." Sannan na ji ta ce wa mijinta, "Sauka. Kai noma ka iya."

Aka kwashe da dariya, har shi. Ya sauka. Ta cire takalmi ta hau.

"Baba, na shirya."

"Taka."

"Na taka."

"Riƙe."

"Na riƙe."

Mai ya fito da tartsatsin iska. Na ɗaure. "Saki." Haka muka bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, daga ta nesa zuwa ta kusa, ango yana ƙara mai a sama kada robar man ta bushe. A ta ƙarshe man ya fito tsab. Ta ce, "Baba, ya yi tauri." Na ɗan daɗe a kwance kafin in fito.

Na gwada motar ni kaɗai zuwa bakin hanya na dawo. Sannan na ce mata su hau. Rana ta riga ta karkata. 'Yata ta zauna a gaba tsakanina da uwarta, an sake lulluɓe ta, da ɗigon mai a gefen zanen.

A kan gangaren na tsaya, na ja ƙaramin liba, na sa giya ta ɗaya. Muka sauka a hankali, inji yana riƙe da mu. Kusa da rafi shanu suka fito daga kwana suka cika hanya. Na taka. Ta tsaya. Matan baya ba su ma katse waƙarsu ba. 'Yata ta sa hannu ta ƙarƙashin mayafi ta taɓa gwiwata, ta janye.

Mun isa kafin faɗuwar rana. Abinci ya huce, wasu baƙin sun watse. Baban ango ya karɓi amarya yadda ya kamata, ni kuwa bai dube ni ba. Haka muka zauna har damina ta zagayo. Sai ranar sunan jikanmu na fari ya miƙo mini hannu, ya ce, "Soja, har yanzu kana nan da taurin kanka?" Na ce ina nan. Ba mu ƙara tayar da maganar ba.

Motar ta yi mini wasu shekaru bayan haka. Wata safiya na ƙwanƙwasa ƙarfen da ke bayan tayar gaba, ya amsa kamar ƙwarya. Na sa yatsa, ya shige. Masu walda suka ce za su toshe. Na ƙi. Na cire batir na ɗora ta a kan duwatsu.

Yanzu ina Rikoto, a gidan da na gina bayan mun bar Dabai. Idona ya yi rauni, na daina tuƙi. 'Yata tana can wajen Sakaba da mijinta da 'ya'yansu, suna zuwa bayan girbi. Motar tana bayan gida, kaji na kwana a cikinta.