Ranar da Atiku Ya Riga Gayya Zuwa

A wani ƙauye kusa da Fakku akwai dattijo, Atiku Mai Adda, wanda ya haura sittin yana alfahari da abu guda: gonarsa tas take. Tun yana saurayi, in ya yi sharar gona ko tsinken sakace haƙori ba ka samu. A wurinsa, toho a gona shaidar ragon manomi ne.

Da zaizaya ta cinye tsohuwar makiyayar gari, sai Siddiƙ, malamin firamare, ya tara 'yan sa kai don a raya ta. Ba dashe suke yi ba. Tsofaffin kututturan gawo da kalgo suke nema, su bar wa kowanne toho biyu masu ƙarfi, su datse sauran. Shekara biyu suna wannan reno, har wasu suka kai ƙirjin mutum. Sau nawa aka gayyaci Atiku taro, amsarsa ɗaya: shi za a koya wa aikin daji? Girman kai dai rawanin tsiya.

Bana, jin ana ta yabon 'yan sa kai, ya ƙudura sai ya nuna musu aiki. Ranar gayya ya yi sammako shi kaɗai, ya ga fili duk toho, ya ce lallai yaran nan ba su iya ba. Kafin hantsi ya kwantar da kusan rabi, ya koma gida karin kumallo yana jiran yabo.

Salati ya jiyo maimakon yabo. Da ya koma filin, ya tarar da Siddiƙ tsugune gaban wani gawo da aka sare, yana shafa tohon da suka yi shekara biyu suna reno. Nan Atiku ya gane abin da ya yi. Kafin ya buɗe baki wani ya ce ai Jumare ne, makiyayin da ke zaune gefen filin, ya sare don shingen shanunsa. Atiku kuwa ya ja bakinsa ya yi gum. Wannan shirun ya fi saran muni, kuma ya sani.

Kwana uku tuwo ba ya wuce masa. Ran na huɗu aka kira Jumare gaban mai gari, ana batun a tashe shi daga wurin da kakansa ya kafa ruga. Jumare na zaune, kai a sunkuye, bai kare kansa ba. Atiku ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, ku ƙyale yaron ga. Ni na sare. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba."

Mai gari ya dubi Jumare, ya tambaye shi me ya hana shi musu tun farko.

Jumare ya ce, "Na gane shi rannan da safe, ina tatsa. Amma Baba Atiku shi yar raɗa min suna. Ƙaƙa nika buɗa baki in kunyata shi cikin mutane?"

Atiku ya nemi wurin zama ya rasa. Kwana ukun da ya yi yana ɓoye kansa, ashe wanda ya bari a wuta ne ke rufa masa asiri.