Yarinyar da ta ƙi ɗebo wa mushe ruwa

Shekarar da fari ya koro mutane Yamai aka turo ni koyarwa a wata lakwal, wato makarantar firamare, ta unguwar Harobanda. Daga Maradi na zo, Zabarmancina bai wuce na sayen tumatir ba. Soja ke mulki, kowa na auna bakinsa, har a tsakaninmu malamai.

Famfon lakwal ya ƙafe, 'yan mata ke ɗebo ruwa daga unguwa. Malamin aji shida, wanda ake ce wa mushe kamar kowane malami namiji, yana zaune a wani ɗaki bayan lakwal, kuma kullum lokacin shan iska yakan zaɓi yarinya ɗaya ta cika masa randa. Ban ga aibu ba. Mu ma haka muka yi wa malamanmu.

Wata rana na tarar da wata 'yar ajinsa, mai kamar shekara sha biyu, durƙushe cikin rana. An ce ta ƙi zuwa ɗebo ruwan ne. Na ja ta inuwa na tambaye ta da Faransanci, don shi kaɗai aka yarda a yi a lakwal. Sai ta ɓarke da Zabarmanci tana kuka, ban tsinci komai ba sai kalmar da ke nufin "ƙofa".

Na ce, "Faɗa mini da Hausa."

"Madam, yana rufewa."

"Ya buge ki?"

"A'a."

"To me ya yi?"

Ta dubi yatsun ƙafarta. Ban sani ba ko Hausar ce ta ƙare mata, ko maganar ce ba ta faɗuwa.

Na je wajen direkta, dattijo mai kirki. Ya saurare ni, ya leƙa taga.

"Ɗiyata, ya taɓa ta?"

"Ban sani ba."

"To me zan rubuta? Wansa babban soja ne. In takarda ta tafi sama, ni da ke za a fara tambaya."

Washegari na ce wa 'yan matan uku-uku za su riƙa zuwa. Ni ma na ɗauki bokiti na bi su. Mushe ya tarbe mu da dariya.

"Madam, ke ma kin dawo aji shida?"

Kunya ta rufe ni. Na ce a raina, in fa sharri nake yi wa bawan Allah? Duk da haka na koma washegari. Bayan mako guda ya ce ya samu mai ga-ruwa, ba sai an zo ba.

Wata malama ta daina gaishe ni. Wata kuwa ta riƙe hannuna a bakin aji, ta matse, ta wuce.

Yarinyar ta ci gaba da zuwa lakwal, amma in ta hango ni sai ta sake hanya. Da aka dawo daga babban hutu muka ji an mai da mushen wani ƙauye, shi ne direkta a can. Wasu suka ce kora ce, wasu suka ce ƙarin girma. Na tambayi direktanmu ko akwai malama mace a lakwal ɗin ƙauyen. Ya ce bai sani ba.