Zakin da Ke Bayan Tirela

Yayana mai zanen bayan manyan motoci ne. Shekara ashirin da shida ya yi a lungun gareji, cikin warin fenti, yana zana dodanni masu fikafikai da macizai masu kai uku. Direbobi na son abin tsoro, shi kuwa hannunsa ya faɗa. Aibinsa ɗaya, bai iya ƙirƙiro fuska ba. Duk dodon da ya zana, in ka ƙura masa ido sai ka ga hancin wani maƙwabci. Mai facin taya ya taɓa fitowa a aljani, ya yi wata guda yana gaba da shi.

Da ya tashi daga jinyar da ta kusa tafiya da shi, aikin farko da ya karɓa na wata tirela ne. Ya zana mace mai fikafikai, wuta na fita daga tafin hannunta, ɗaya hannun riƙe da igiya a wuyan zaki. Zakin a durƙushe. Fuskar macen ta matarsa ce, ta zakin kuwa tasa.

Ni na fara fassara zanen, Allah ya yafe mini, bakina ba ya da linzami. Na ɗauki hoto na tura wa dangi, na ce, "Ga shi ya faɗa da hannunsa, ta mallake shi." Kafin la'asar Innarmu ta tara mu a ɗakinta.

"Rami ne a ƙarƙashin zakin, Inna," in ji Yaya. "Jawo shi take yi. Wa ya yi wata bakwai yana juya ni a kan gado?"

"Ina ramin?" in ji Inna.

Ramin na nan, amma bayan Yaya ya gama aiki sai makanike ya ɗaura lambar mota a kansa, tun kafin in ɗauki hoton. Tirelar kuwa ta yi lodi ta tafi.

Matar Yaya ta karɓi wayata, ta daɗe tana kallo. Ba ta kula mu ba, shi ta duba.

"Na yarda da ramin, Malam. Amma da ceto ne, ai a ƙugu za ka ɗaura igiyar. Ka sa ta a wuya."

Washegari ta tafi gidan wanta.

Har yau abin na ci mini rai. Sau uku ina zuwa can ina ba ta haƙuri. Takan tarbe ni da fara'a, ta kawo mini ruwa, ta tambaya ko yana shan maganinsa a kan lokaci. Ba ta dawo ba.