Ludayin Yaya

Yayata zoɓo da kunun aya take yi a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, ana sara ana kaiwa Mokola da tashar Ojoo. Ba ta taɓa auna suga da gwangwani ba, harshenta ne ma'auni. Kowane bokiti sai ta cika ludayi ta shanye, ta ƙara suga, ta sake ɗiba. Ɗanɗanon Yaya ba na lasa ba ne, na ƙoshi ne.

Jiki ya buɗe, mata suka yi ta yabawa. "Yaya, ƙiba ta karɓe ki, wallahi." Ni da muke gida ɗaya ina ganin abin da ba sa gani. Mace ta cika ƙofa, amma daga ɗaki zuwa famfo sai ta dafa bango tana haki. In ta ce jikinta ya mutu, sai ta ƙara wani kofin, wai ta samu ƙarfi. Tsoro ya hana ni sukuni, domin da haka mahaifiyarmu ta fara, har aka yanke mata ƙafa.

Da ƙyar na ja ta asibiti. Likitar, wata Bayarabiya mai jin Hausa, ta ce kitsen jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kowacce da ɗan murhunta da ke ƙona abinci ya zama ƙarfi. In suga ya yi yawa, kamar an cusa wa murhu itace ne har wutar ta shaƙe. "Ciwon suga yana bakin ƙofa, Hajiya. Ki ajiye ludayin nan."

Yaya ta ajiye, ta koma awo da gwangwani. Sai dai wani buhun zoɓon ya fi wani tsami, gwangwani kuwa bai san wannan ba. Wata mai sari daga Bodija ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta haɗa Yarbanci da Hausa. "Ko dun, Iya. Ba daɗi." Kaya suka fara dawowa, ga marayun da mijinta ya bar mata suna ci daga bokitin nan.

Ranar da na tarar da ita tsaye kan bokiti da ludayi a hannu, ta kasa haɗa ido da ni. Na karɓa. Na ce ai bakinmu ɗaya, ni zan riƙa ɗanɗanawa, kuma zan tofar. Na tofar na kwana biyu. Wa ke tofar da zoɓon Yaya?

Ciniki ya dawo, hakin Yaya ya ragu. Makon jiya a gidan suna maƙwabciyarmu ta kama damtsena tana murmushi.

"Ke ma ƙiba ta fara karɓar ki."