Ylva da Alewar Asabar

Ylva direbar bas ce a garin Falun, kuma duk wanda ya taɓa shiga motarta ya san ba ta jiran kowa. In ka makara, ka makara. Za ta hango ka ta madubi kana gudu a kan ƙanƙara, ta ɗaga maka hannu cikin ladabi, ta wuce abinta. Haka take a gida ma: in ta ce za a fita, to a fara neman takalmi. Ita kaɗai ke riƙe da 'yarta Tuva, mai shekara goma sha ɗaya, tun da uban yarinyar ya koma kudu da zama, kuma ba wanda ya taɓa jin ta tana ƙorafi a kan haka.

Gab da Kirsimeti aka yi wa direbobi gwajin lafiya. Nas ɗin ta duba sakamakon ta ce sugan jininta ya fara hawa. Ylva ta gyaɗa kai kamar ba komai, amma ta tsorata sosai, don ciwon suga ne ya raba mahaifinta da ƙafarsa kafin ya kai shi ƙasa. Saboda haka ranar ɗaya ga Janairu, lokacin da rabin garin ke kwance da ciwon kai da alkawuran da ba za su kai Laraba ba, ita ta tashi da sassafe ta buɗe kabad ɗin kicin. Biskit, lemon kwalba, ragowar cakulan Kirsimeti, duk ta kwashe ta zuba a kwali. Washegari ta dire kwalin a ɗakin hutun direbobi.

Ta kuma shiga wani zaure a waya, na mata biyar da ba wadda ta taɓa ganin wata ido da ido. Ƙa'idarsu ɗaya ce: duk abin da za ki ci, sai kin ɗauki hotonsa kin tura. Shugabar zauren Pernilla ce daga Malmö, mace mai ido, wadda ke gane man shanu a hoto ko an binne shi ƙarƙashin latas. Sai Gunnel, wata tsohuwa da ta yi ritaya daga aikin kanti can arewa, inda rana ke ƙyuyar fitowa a Janairu. Ita Gunnel kullum hotonta kabeji ne da kifi, amma a gefen hoton sau da yawa ana hango kunnen burodin kirfa da ta manta ba ta janye ba. Ylva ta fi son ta a cikinsu duka.

Abin kuwa ya karɓe ta. Kafin watan ya ƙare wandon aikinta ya fara sauka, tana hawa benensu ba haki. Lokacin shan kofi, direbobi na cin burodi, ita tana gurgurar karas.

Lasse, wanda suka fara aiki tare, ya ce, "Ylva, zomo ya san kina cinye masa abinci?"

Ta ce, "Kai dai ci gaba. Cikinka ne ke riga motarka isa tasha."

Aka yi dariya, Lasse ya ƙara ɗaukar wani burodin don huce haushi. Ylva ta ji daɗin kanta, kuma ta cancanci hakan, don ba kowa ke ce zai yi ya yi ba.

Inda ta yi kuskure wuri ɗaya ne, kuma ta yi shi da zuciya ɗaya. Kamar kowane yaro a ƙasar nan, Tuva ba ta shan alewa sai ranar Asabar. Tun tana 'yar ƙarama suke takawa da uwarta zuwa kantin da ke hayin gada, ta zari jakar takarda da ɗan ludayin roba, ta bi akwatunan alewa ɗaya bayan ɗaya tana zaɓe kamar mai sayen fili. A ƙarshe takan jefa baƙar alewa mai gishiri guda ɗaya, ta Mama. Dokar gidansu ita ce ba a buɗe jakar sai an isa gida. To Tuva ba mai surutu ba ce. Ka tambaye ta yaya makaranta, ta ce lafiya, shi ke nan. Amma a hanyar dawowa, jaka rungume a ƙirji, baki ba aikin yi, sai ta yi ta zuba: wanda malama ta kora waje, wadda ta yi kuka a wurin iyo, abin da ƙawarta Alva ta faɗa. Duk abin da Ylva ta sani game da 'yarta, a kan wannan hanyar ta ji shi, ita ce dai ba ta taɓa lura ba.

Asabar ta farko a Janairu Tuva ta fito da hularta da safar hannu ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, yau Asabar."

"Na sani. Ga tuffa can, ga gyaɗa."

"Asabar fa na ce."

"Tuva, suga ba ya duba kalanda. Kin ga yadda Kaka ya ƙare. A gidan nan an gama da alewa."

Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta buga ƙofa ba. Ta cire hular, ta ɗauki tuffa, ta shige ɗaki. Ylva ta rubuta wa zaure cewa an wuce wurin lafiya, Pernilla ta turo mata hoton tafi.

Daga nan gidan ya yi tsit, Ylva kuwa ta ɗauka zaman lafiya ne. Da yamma sai ta jera farantinta, ta gyara fitila, ta ɗauki hoto, ta zauna amsa saƙonni tana ci. Ta san gwiwar Gunnel ta hagu ce ke ciwo, ta san mijin Pernilla na minshari. Tuva takan cinye nata ta ce an gode da abinci, ta tashi.

Wata Talata a Fabrairu, Annelie, uwar Alva, ta shigo motarta. Ta tsaya kusa da ita tana karkaɗe dusar ƙanƙara daga kafaɗa, ta rage murya.

"Ylva, ki yi haƙuri da abin yaran nan. Na yi wa Alva faɗa. Ba daidai ba ne a bar Tuva tana cin abinci ita kaɗai a makaranta tun da aka dawo hutu."

Ylva ta riƙe sitiyari, ta ce, "Ai yara ne, za su shirya," kamar wadda ta san zancen tun farko. Ta kai motar har ƙarshen layi, kunya da baƙin ciki na cin ta. 'Yarta ta fi wata guda tana zama ita kaɗai, sai a bakin fasinja ta ji.

Da ta koma gida ta yi abin irin nata, kai tsaye. Ta ja kujera, ta zaunar da yarinyar gaba da gaba.

"Me ya haɗa ki da Alva?"

"Ba komai."

"Tuva, ki dube ni. Uwarta ta faɗa mini."

"To ai kin ji ke nan."

Ta yi lallashi, ta yi tsawa kaɗan, ta koma lallashi. Tuva ta ƙura wa tebur ido har aka sallame ta.

Washegari a lokacin hutu, Ylva ta zauna cikin motar ba kowa, ta rubuta wa Gunnel ita kaɗai abin da ke faruwa da Tuva. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Karo na farko ke nan da ta ji muryar matar, murya mai kauri, ana jin tana tauna wani abu.

"Gunnel, me kike ci?"

"Kokwamba. Kar ki dame ni. Ke, tun sabuwar shekara na san duk abin da ya shiga cikinki, har launin farantinki na haddace. Amma ban taɓa ganin faranti na biyu a hoton ba. Da can ita yarinyar ba ta ba ki labari ne?"

"Tana ba ni mana. Har na gaji da ji."

"A ina?"

Ylva ta buɗe baki za ta ce a gida, sai ta ga ba haka ba ne. Ba a tebur ba, ba a ɗaki ba. Gada ta gani, da jakar takarda, da ƙaramar hula tana tafe gefenta. Gunnel ta tambaya ko layin ya yanke.

"Bai yanke ba. Na gode, Gunnel. Kuma wannan ba ƙarar kokwamba ba ce."

Ranar Juma'a ta rubuta wa zaure cewa gobe za ta kai 'yarta sayen alewa, kuma haka za a riƙa yi kowace Asabar. Pernilla ta ce da haka ake fara zamewa. Ylva ta amsa cewa karas ɗinta na nan, kifinta na nan, ba ta fasa komai ba, amma wannan ba shawara ta kawo ba, sanarwa ce. Gunnel ta turo hoton burodin kirfa, wannan karon a tsakiyar faranti.

Da safiyar Asabar Ylva ce ta fara sa hula ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yau Asabar. Nemo takalminki."

Tuva ta dube ta da alamar rashin yarda, amma ta nemo. A kanti yarinyar ta zari jaka da ludayi, ta bi akwatunan a hankali. Da ta zo kan baƙar alewa mai gishiri ta tsaya, ta waiwayo.

"An yarda ki sha?"

"Guda ɗaya. Ni na yarda wa kaina."

Ta jefa. Suka fito cikin sanyi, jakar na rungume a ƙirjinta. Ylva ta ƙudura ba za ta yi tambaya ko ɗaya ba, kuma abin ya yi mata wuya fiye da barin cakulan. Suka wuce tashar bas, suka wuce coci, shiru. Wayarta ta yi ta motsi a aljihu, ta ƙyale ta. Tsoro ya fara kama ta cewa ta riga ta makara.

Sai da suka hau gada, Tuva na kallon ƙanƙarar da ta rufe kogin, ta ce a hankali, "Mama, kin san abin da Alva ta ce a gaban kowa?"

"Ban sani ba. Faɗa mini."

Gidansu na nan kusa, ana hango tagarsu daga kan gadar. Ylva, wadda ba ta taɓa jiran kowa ba, ta rage tafiya.