Sau Uku Ake Tambayar Mama

Mu biyar ne wannan labari ya shafa: mahaifiyata Hajiya Rabi, wadda muke kira Mama, maƙwabciyarmu Linda, farar fata, wadda Mama ta hana mu kiran sunanta gatsau, saboda haka ta zama Anti Linda, 'yarta Emili, sa'ata kuma ƙawata, Anti Doris, dattijuwa baƙar fata 'yar asalin ƙasar nan, mai riƙon jikokinta mata biyu, sai ni, Hadiza. Wata Talata ce a watan Mayu, ina da shekara goma, ina aji huɗu, muka haɗu mu duka da ƙarfe shida na yamma a ɗakin cin abinci na makarantarmu ta firamare, inda za a zaɓi shugaban ƙungiyar iyaye. Har yau ina jin warin sabulun da aka wanke daɓen ɗakin da shi, ina kuma ganin Mama zaune a sahu na biyu cikin shuɗin mayafinta, da wani koren littafi a kan cinyarta.

Kafin wannan rana, shekara shida muka yi ba abin da ya raba gidanmu da na Anti Linda a unguwar Glenwood sai wani gajeren shingen waya da ni da Emili muka lanƙwasa da yawan tsallakawa. Mama tana aikin jinya a gidan kula da tsofaffi, amma ranta yana bayan gida, inda ta shuka yakuwa da kuɓewa da alayyafo. Aikina ne in ba su ruwa kafin motar makaranta ta zo, in kuma kori kuregun da ke cinye mana tumatir. Na koya wa Emili 'yar carafke da tsakuwan bakin titi, ita kuma ta koya mini tuƙa keke. Kwanukan Mama kan tsallaka shingen da waina da miyar taushe, su dawo da kek ɗin tuffa, domin Anti Linda ta gane da wuri cewa ba a mayar da kwano haka nan.

Akwai wani abu kuma da ta gane, kuma ni na koya mata shi. Ranar da Mama ta fara shiga gidanta, ta yi mata tayin shayi, Mama ta ce ta gode, ta ƙoshi. Nan take Anti Linda ta mayar da kofin. Da muka dawo gida Mama ta yi ta dariya, ta ce ko ruwa ba ta sha ba tun safe. Washegari na bayyana wa Anti Linda da Turancina na yara cewa a wurinmu mai kunya ba ya karɓar abu a tayin farko, sai an nace masa. Daga nan abin ya zama wasansu. Takan ɗaga yatsa ta ce, "Rabi, ta ɗaya. Rabi, ta biyu. Rabi, ta uku," sai Mama ta miƙa hannu tana cewa, "To, tunda kin matsa." Ba baƙon da zai zo gidan Anti Linda bai ji wannan labari ba.

A farkon shekarar karatun da aka yi taron aka mayar da ni gida da tsakar rana, wai duwatsun adon da ke kitsona suna ƙara, suna hana 'yan aji karatu. Bayan wata biyu aka yi wa jikar Anti Doris haka. Emili kuwa ta yi mako guda da ƙananan ƙararrawa a gashinta lokacin Kirsimeti, malamai suna yaba mata. Mama ba ta yi faɗa da kowa ba. Koren littafi ta saya, ta riƙa bin iyaye mata gida gida bayan ta tashi daga aiki, tana rubuta sunan duk yarinyar da aka kora saboda gashinta ko ɗankwalinta, da ranar, da abin da aka ce ta yi. Suna goma sha tara ta tara, babu farar fata ko ɗaya. Shugaban ƙungiyar iyaye kaɗai ke zama da hukumar makaranta duk wata, saboda haka kujerar take so, don littafin ya isa teburin da ake yanke hukunci. Anti Linda ta karanta shi a kicin ɗinmu, ta share hawaye, ta ce, "Ina bayanki, Rabi."

A taron, Anti Doris ce ta miƙe ta gabatar da sunan Mama. Aka tafa, ba da ƙarfi ba. Mama ta tashi, ta gyara mayafinta, ta faɗi abin da duk wata mace mai tarbiyya za ta faɗa a Kano idan an yi mata tayin girma. Ta ce ta gode, amma a ɗakin akwai waɗanda suka fi ta sani da cancanta. Sannan ta juya ta dubi Anti Linda da ɗan murmushi, tana jiran yatsan nan.

Wani mutum mai farar riga daga baya ya riga kowa magana. Ya ce ai ita da bakinta ta faɗa, kuma gaskiya ta yi, domin ana bukatar wanda hukuma za ta fahimci maganarsa ba tare da an maimaita ba, wanda kuma ya yi kama da makarantar. Wasu suka yi dariya ƙasa ƙasa. Anti Doris ta ce, "Ya yi kama da wa? Ka faɗa mu ji." Mai jagorantar taron ya roƙe ta da ta sassauta murya. Na dubi Anti Linda. Hannuwanta biyu suna kan jakarta, idonta yana kan takardar tsarin taro. A duk ɗakin nan mutum biyu ne suka san cewa Mama ba ta ƙi ba, Anti Linda da ni. Ni kuwa, da na fi kowa a gidanmu iya Turancinsu, na sunkuyar da kai, ina jin kunyar yadda harshen Mama ke fita, ina fatan a daina kallonmu.

Sai wata mata ta ce, tunda haka ne, me zai hana Linda? Sau ɗaya aka tambayi Anti Linda. Ta ce ta amince.

A wurin ajiye motoci Mama ta taya ta murna, ta miƙa mata koren littafin da hannu biyu. Anti Linda ta ce za ta gabatar da shi idan lokaci ya yi, kada a fara da abin da zai raba kan iyaye. Shekara biyu ta yi a kan kujerar, ta sa an gyara filin wasa, an dasa furanni a bakin ƙofa, amma lokacin littafin bai yi ba. Ranar taron, a mota, na ce wa Mama da Turanci ai da ta ce e kawai. Ta amsa mini da Hausa, idonta a kan titi: "Ba kujerar na tambaya ba, Hadiza. So na yi in ji ko ina da 'yar'uwa." Kwanuka biyu na Mama suna gidan Anti Linda a lokacin, ba ta aike ni karɓo su ba. Ni da Emili ba mu yi faɗa ba, hirarmu ce ta yi ta raguwa, har ciyawa ta rufe inda muke tsallakawa.

Bayan shekara takwas, a bazarar da mutane suka cika titin Elm suna zanga-zanga a kan kisan baƙar fata, na ga Anti Linda a tsakiyarsu da kwali a hannu, gashinta ya yi fari. Ba na shakkar cewa da gaske take. Bayan kwana biyu ta ƙwanƙwasa ƙofarmu. Ta ce ta daɗe tana karatu, ta gane cewa shirun mata irinta ya fi maganar mutumin nan mai farar riga illa, domin shi kowa ya san matsayinsa. Ta ce ta nemi littafin ba ta gan shi ba. Ta ce ita da wasu mata suna neman mace baƙar fata da za su mara wa baya ta tsaya takarar kujerar hukumar ilimi, kuma Mama ce ta fara zuwa ranta. Mama ta ce a'a. Anti Linda ta ɗaga yatsa. "Rabi, ta biyu." A'a. "Rabi, ta uku." Mama ta dube ta ba tare da fushi ba, ta ce, "Wannan karon ta gaske ce, Linda." Ta zuba mata shayi, suka sha.

Yanzu na kammala jami'a, fannin siyasa na karanta, na kuma rubuta shafuka masu yawa a kan dalilin da ya sa mata baƙar fata ke wahalar kaiwa ga shugabanci. Duk lokacin zaɓe nakan bi unguwarmu ina ganin alluna a gaban gidaje ɗauke da kyawawan kalmomi, sai in tuna hannuwa biyu a kan jaka, da wata yarinya da ta sunkuyar da kai. Anti Doris ta rasu ba ta taɓa sanin cewa na san gaskiya a ranar ba. Mama tana nan, tana shuka yakuwarta, ba ta sake halartar wani taro ba.

Abin da muka rasa ke nan: kujera ɗaya, littafi ɗaya mai suna goma sha tara, kwanuka biyu, ƙawaye biyu.