Ba Maganin Ba Ne, Ciwon Ne Ya Sauya

Muddin ina numfashi, ba zan manta da wata Laraba da muka yi a asibiti ba, shekarar da ciwon dajin ƙwan mahaifa ya dawo wa maiɗakina, Allah ya jiƙanta.

A karon farko, ƙarin ruwan da ake yi mata mai sinadarin filatinam ya karɓe ta sosai. Cikin da ya kumbura ya sace, har ta koma tuyar ƙosanta a ƙofar gidanmu a Kakuri. Maganin yakan yanke a asibiti, sai maƙwabcinmu ya samo mana. Ɗan ƙabilar Ibo ne mai kemis, mun haɗa katanga tun masaƙu na aiki.

Bayan kamar shekara ciwon ya dawo. Aka sake ɗora ta a kan irin maganin, maƙwabcin ne ma ya samo shi, amma kullum sai ƙara ramewa take. Babban ɗanmu, da zafin ƙuruciya da tausayin uwa, ya je kemis ɗin ya faɗa a bainar jama'a cewa jabu aka kawo mana.  Bawan Allah maƙwabcin ya daina shigowa gaisuwa, masu saye kuma suka fara kauce wa shagonsa.

Maiɗakina ce ta dage sai an tafi da maƙwabcin wurin likita a wannan Larabar. A gabanmu duka ta tambaya ko maganin ne ba shi da kyau.

Likitar ta ce ta duba maganin, lafiyarsa ƙalau. Ta bayyana mana cewa kowace ƙwayar ciwon tana da wani rubutu a cikinta da take kwafa in za ta hayayyafa, maganin kuma shiga yake ya dagula rubutun. Ni da na tashi da alƙalami da tawada, nan take na fahimta. Ta ce yawancin ƙwayoyin sun mutu a karon farko, amma kaɗan sun tsira: wasu sun iya gyara abin da aka dagula, wasu suna turo maganin waje, wasu suna ɗaure shi kafin ya yi aiki. 'Ya'yansu ne suka dawo. Akwai wani maganin daban, sai dai ba ta yi mana alkawari ba.

Maiɗakina ta dubi ɗanmu, ta nuna maƙwabcin. "Tashi ka ba babanka haƙuri."

Maƙwabcin ya riƙe hannun yaron, idanunsa sun cika. "Hajiya, da ma jabun ne," in ji shi. "Da sai in nemo na gaske ki warke."

Ta cika bayan ƙaramar salla, yana cikin masu zaman makoki har aka tashi.

Tun ranar na gane cewa in baƙin ciki ya rasa inda zai sauka, kan wanda ya fi taimakonka yake faɗawa. Sai mutum ya tambayi masu sani kafin harshensa ya riga shi.